Shekarar Coci da Karatun Kowane Lokaci



Dalilin wannan rubutu wata tambaya ce da ke yawan fitowa daga iyayen yara, musamman waɗanda suka taso a coci-coci na gida irin su ECWA, COCIN, HEKAN, EYN ko Baptis, sannan zama ya kawo su Ingila ko Amurka, inda cocin da ya fi kusa da gida na Angalikan ne, ko Methodis, ko Lutheran, ko Katolika. Mutum ya shiga yau ya ga an lulluɓe tebur da shunayya, bayan wata guda ya ga fari, can gaba kuma kore. Ya ga an yi karatu har huɗu kafin a fara wa'azi. Ya buga waya ga ɗan'uwansa da ke wani gari mai nisa, ya tarar nassin da aka karanta musu shi ne aka karanta a can. Sai ya ce, wai wa ke tsara wannan abu? Haka kuma 'yan'uwanmu Musulmi da yawa a Ingila 'ya'yansu na zuwa makarantun firamare na coci, suna dawowa gida da kalmomi irin su Adbent da Lenti, iyaye kuwa suna son sanin abin da ake nufi. Ni ba fasto ba ne, ɗan majami'a ne mai karanta nassi ranar Lahadi, amma zan faɗi abin da na sani, da kuma abin da nake gani a cikin karatun idan na zauna na yi bimbini a kansa.

Inda jadawalin ya fito

Karanta nassi a gaban jama'a ya girmi coci kanta. Yahudawa na yinsa a majami'unsu kowace Asabar, kuma Luka sura 4 ta nuna Yesu ya miƙe a majami'ar Nazarat an miƙa masa littafin Annabi Ishaya ya karanta. Wajen shekara ta 150, wani marubuci Kirista mai suna Jastin ya bayyana yadda masu bi a Roma ke taruwa ranar Lahadi a karanta rubuce-rubucen manzanni da na annabawa, sannan shugaba ya yi gargaɗi. Tsakanin 381 da 384 wata mata mai suna Ejeriya ta kai ziyara Urushalima, ta rubuta wa 'yan'uwanta mata cewa abin da ya burge ta shi ne yadda ake zaɓen karatu ya dace da rana da kuma wurin da ake tsaye. To daga irin wannan ne jadawali ya yi ta girma.

Ɗaruruwan shekaru ana amfani da jadawali na shekara guda, wato abin da aka karanta bana shi za a karanta baɗi, kuma Tsohon Alkawari bai cika shiga ba. Tsohon littafin addu'a na Angalikan na 1662 ma jadawalin shekara guda yake bi. Bayan babban taron Batikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, Cocin Katolika ta fitar da sabon jadawali a 1969 mai zagayen shekara uku. Furotesta na Amurka da Kanada suka ga abin ya yi kyau, suka ɗauka suka yi masa gyare-gyare a 1983, suka sake fitar da shi a 1992 da sunan Revised Common Lectionary. Cocin Ingila ma ta karɓe shi da 'yan sauye-sauye nata. Shi ya sa yau Bisharar da ake karantawa a cocin Katolika a Kaduna galibi ita ce ake karantawa a cocin Methodis a Manchesta da na Lutheran a Minesota.

Tsarin mai sauƙi ne. Kowace Lahadi akwai karatu daga Tsohon Alkawari, sai Zabura, sai ɗaya daga cikin wasiƙun manzanni, sai Bishara. Shekarar A ta Matiyu ce, B ta Markus, C ta Luka. Yahaya ba shi da shekararsa, ana shigo da shi ne a lokacin azumi da Ista, kuma da yake Markus gajere ne, a shekarar B ana ba Yahaya sura 6 Lahadi biyar a jere daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta. In kana son sanin shekarar da ake ciki, raba lambar shekara gida uku. Idan ta rabu ba saura, kamar 2025, to shekarar C ce, mai bi mata A, sai B. Amma a tuna, shekarar coci ba ta jiran Janairu.

Jiran zuwa

Shekara na farawa da Adbent, wato lokacin jiran zuwan Almasihu, Lahadi huɗu kafin Kirsimeti. Lahadi ta farko kan faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Launin shunayya ne, wasu kuma shuɗi, ana kunna kyandir ɗaya kowane mako.

Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne, a waje shaguna sun cika da fitilu da waƙe-waƙen Kirsimeti tun Oktoba, amma ka shiga coci ranar farko ka ji ba maganar jariri sam. Maganar ƙarshen zamani ake yi, da dawowar Almasihu a sa'ar da ba wanda ya sani. A shekarar A ana haɗa Matiyu 24 da Ishaya 2, inda annabin ya hango ranar da maƙera za su mai da kayan yaƙi kayan noma. Mutanenmu na Niyok za su iya ganin mutum-mutumin wannan hoto a harabar Majalisar Ɗinkin Duniya, Tarayyar Sobiyet ce ta ba da shi kyauta a 1959. Mu da muka fito daga inda manomi kan ji tsoron zuwa gonarsa saboda 'yan bindiga, ba ma jin wannan karatu kamar tatsuniya.

Lahadi ta biyu da ta uku na Yahaya Maibaftisma ne. Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta uku a shekarar A, Matiyu 11. Mutumin da ya nuna Yesu ga jama'a da bakinsa, yanzu yana kurkuku, ya aika a tambayo masa ko Yesu ne wanda ake jira ko kuwa a sa ido ga wani. Yesu bai tsauta masa ba, sai ya ce a je a gaya masa abin da ake gani yana faruwa ga makafi da guragu da matalauta. Duk wanda ya shekara biyar ko goma yana jiran takardun zama, yana addu'a ana ɗaga ranar shari'a, ya san irin wannan tambayar. Ina jin daɗi coci ba ta ɓoye ta ba. Lahadi ta huɗu sai a juya ga Yusufu ko Maryamu, gwargwadon shekara.

Kirsimeti da abin da ke biye

Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Yesu ba. Shaida mafi tsufa ta yin bikin ranar 25 ga Disamba ta fito daga Roma ce, ta shekarar 336. Kibɗawan Masar da na Sudan da kuma Kiristocin Habasha suna yin nasu 7 ga Janairu, saboda bambancin kalanda. A coci Kirsimeti kwana 12 ne, launi fari. Karatun dare Ishaya 9 ne da Luka 2, labarin ƙidayar da ta tilasta wa kowa komawa garin kakanninsa, abin da duk ɗan Arewa da ya taɓa neman mota a tasha ranar 23 ga Disamba zai gane. Na rana kuwa Yahaya 1 ne.

Amma murna ba ta daɗewa ita kaɗai. Washegari, 26 ga wata, ranar Istifanas ce, wanda aka fara kashewa saboda bangaskiya. Ranar 28 ana tuna yaran Baitalami da Hirudus ya sa aka hallaka. A shekarar A kuma, Lahadin da ke bin Kirsimeti ana karanta Matiyu 2 daga aya 13, inda Yusufu ya tashi da dare ya ɗauki yaro da uwarsa suka tsallaka Masar. A ganina wannan shi ne karatun masu zaman ƙetare. Ba su tafi don sha'awa ba. Sun zauna cikin mutanen da ba harshensu ɗaya ba, kuma da aka ce mai neman ran yaron ya mutu suka juyo, ba su iya komawa Yahudiya ba saboda ɗansa Arkilawus ne ke mulki, dole suka nemi wani gari. Wato ko komawa gidan ma bai zo yadda suka zata ba. Kibɗawa sun riƙe wannan tarihi da daraja, suna da idi na musamman dominsa ranar 1 ga Yuni, kuma 'yan'uwanmu da ke karatu a Alƙahira za su iya ziyartar cocin Abu Sarga a tsohon gari, inda al'adarsu ta ce iyalin sun sauka.

Ranar 6 ga Janairu ita ce Epifani, wato bayyanuwa, ranar masana taurari daga gabas. Matiyu bai ce su uku ne ba, bai kuma ce sarakuna ne ba, kyautarsu ce iri uku: zinariya da lubban da mur. Raƙuman da ake zanawa a kati daga Ishaya 60 suka fito, wanda ake karantawa a ranar, mai maganar ayarin Madayana da Sheba. Jikokin fatake ba sa bukatar a yi musu bayanin ayari. Daga nan sai baftismar Yesu, sai 'yan makonni na kiran almajirai da farkon koyarwarsa.

Azumin kwana arba'in

Lenti na farawa ranar Larabar Toka, kwana 46 kafin Ista. In ka cire Lahadi shida, waɗanda ba a lissafa su cikin azumi, saura 40, adadin kwanakin da Yesu ya yi a jeji. Tokar da ake shafawa a goshi daga ganyen dabinon bara ake samunta, ana ƙona shi. A 2026 ranar ta faɗo 18 ga Fabrairu, cikin makon da Musulmi suka ɗauki azumin Ramadan, don haka a gidaje da yawa masu dangi ɓangare biyu azumin ya zo tare.

Ya kamata in yi bayani a nan, domin kalmar azumi ɗaya ce amma yin ya bambanta. A dokar Katolika, ranakun azumi na wajibi biyu ne, Larabar Toka da Jumma'a Mai Kyau, ga masu shekara 18 zuwa 59: cikakken abinci sau ɗaya, da ɗan abin taɓawa sau biyu, kuma ana shan ruwa. Sauran Jumma'o'in Lenti ana ƙaurace wa nama. Turawa da yawa sukan bar abu guda da suke so, kamar cakulan ko giya. Kiristocin Arewa da dama kuwa sun saba kamewa daga safe har yamma, shi ya sa idan ɗanka ya ce maka abokinsa na azumin cakulan, kada ka yi dariya da ƙarfi a gabansa.

Karatun ranar Yowel 2 ne ko Ishaya 58, da Zabura 51, da Matiyu 6. Akwai abin lura. A ranar da mutum zai fita da alama a goshi kowa na gani, a ranar ce ake karanta masa cewa sadaka da addu'a da azumi a ɓoye ake yinsu, ba don yabon mutane ba. Na sha jin masu cewa wannan saɓani ne. Ni ina ganin da gangan aka haɗa su, domin tokar shaidar mutuwa ce da tuba, ba lambar yabo ba, kuma nassin na nan don ya tsare ta kada ta zama ado. Ishaya 58 ya fi zafi. Yana magana da masu azumi da ke danne haƙƙin ma'aikatansu a ranar da suke azumin. Wanda ya bar yarinyar aiki a gida wata uku ba albashi, ko ya riƙe kuɗin magini alhali yana aika baiko mai kauri, to da shi ake.

Lahadi ta farko kullum gwajin Yesu a jeji ne. Shekarar A ce ta fi nauyi, domin a cikinta ake karanta dogayen labaran Yahaya waɗanda coci ta dā ke koyar da masu shirin baftisma da su: Basamariya a bakin rijiya a sura 4, wanda aka haifa makaho a sura 9, da tashin Li'azaru a sura 11. Furotesta na ƙara Nikodimu a sura 3, Katolika kuma na karanta sākewar kamannin Yesu a kan dutse a wannan Lahadin. A shekarar C akwai ɗan da ya karɓi gādonsa ya tafi ƙasa mai nisa ya ɓarnatar, Luka 15.

A nan ne nake jin bambancin ƙasa. Kalmar Lenti daga tsohon Turanci take, tana nufin lokacin da yini ke ƙara tsawo bayan sanyi, furanni na fitowa. A gida kuwa bazara ce tsagwaronta, rijiyoyi sun ja, ƙasa ta tsage, rumbu ya fara sauka. Wanda ya taɓa jan guga a watan Maris ya fi kowane malamin jami'a sanin abin da ake nufi da mace ta fito ɗiban ruwa da tsakar rana ita kaɗai, lokacin da sauran mata ke inuwa. Ya kuma san nauyin abin da Yesu ya yi da ya roƙi ruwa a hannun wadda mutanensa ba sa haɗa ƙwarya da nata. Yaranmu da aka haifa a nan, ruwa daga famfo suka san shi, sai mun ba su wannan labari kafin nassin ya buɗe musu.

Me ya sa Ista ke yawo

Ista ita ce Lahadi ta farko bayan cikar wata na ranar 21 ga Maris ko bayanta, don haka tana iya faɗowa daga 22 ga Maris zuwa 25 ga Afrilu. Ba duban wata ake yi ba, lissafi ne da aka tsara tun dā. Taron Nikiya na shekarar 325, a garin da yanzu ake kira Iznik a Turkiyya, shi ya nemi dukan coci su yi idin rana ɗaya. Amma da Yamma ta koma sabuwar kalanda a 1582, Gabas ta ci gaba da lissafi da tsohuwa, sai aka rabu. A 2025 an haɗu ranar 20 ga Afrilu. A 2026 Yamma 5 ga Afrilu, Gabas 12. A 2027 Yamma 28 ga Maris, Gabas sai 2 ga Mayu. Duk sauran ranaku, daga Larabar Toka har Fentikos, daga Ista ake ƙirga su.

Mako Mai Tsarki na farawa da Lahadin Dabino, inda ake shiga da murna sannan a karanta dukan labarin shan wuyar Yesu daga Bisharar shekarar. Alhamis ana karanta Fitowa 12 game da Idin Ƙetarewa, da 1 Korantiyawa 11 game da Jibin Ubangiji, da Yahaya 13, sannan limami ya durƙusa ya wanke ƙafafun mutane. A al'adar da yaro ke tsugunawa ya gai da babba, ganin babba a durƙushe gaban yaro wa'azi ne da kansa. Jumma'a Ishaya 53 ne da Zabura 22 da Yahaya 18 da 19. Gargaɗi guda a nan: an daɗe a Turai ana fakewa da wannan karatu ana far wa Yahudawa, har sai da taron Batikan ya fito fili a 1965 ya ce ba daidai ba ne a ɗora laifin a kan al'umma gaba ɗaya. Mu da muka ga abin da wa'azin tunzurawa ke haifarwa, bai kamata a sake gaya mana ba.

Daren Asabar ana kunna wuta a waje a shiga coci cikin duhu da kyandir. A tsarin Katolika karatu bakwai ne daga Tsohon Alkawari, tun daga halitta, da Ibrahim da ɗansa a kan dutse, da ƙetare teku, har zuwa Ezekiyel 36, sannan Romawa 6 da labarin kabarin da aka tarar a buɗe. Sujada ce mai tsawo, a tafi da yara sun ci sun ƙoshi.

Kwana hamsin

Ista ba rana ɗaya ba ce, kwana 50 ce. A cikinsu ana ajiye Tsohon Alkawari a karanta Ayyukan Manzanni, al'adar da ta riga ta kafu tun zamanin Agustin, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau. Lahadi ta biyu kowace shekara ta Toma ce, ta huɗu kuma ta makiyayi, Yahaya 10. Fitar da ake yi a gida ranar Litinin ta Ista, a hau dutse ko a je fili da abinci ana cewa an tafi Galili, daga saƙon da aka ba mata a bakin kabari ta samo asali. A shekarar B jadawalin Furotesta na kawo Ayyukan Manzanni 8, labarin ma'ajin sarauniya Kandakatu da Filibus ya yi wa baftisma a hanya. Littafi ya kira shi mutumin Habasha, amma sarautar Kandakatu a Merowe take, a bakin Nilu cikin Sudan ta yau. Kwana na 40, ranar Alhamis, hawan Yesu sama.

Sai Fentikos, launi ja, Ayyukan Manzanni 2. Ina roƙon iyaye su karanta wannan sura a hankali. Mutanen da suka taru a Urushalima ran nan Yahudawa ne mazauna ƙetare da waɗanda suka shiga addininsu, daga Masar da Libiya da Roma da ƙasar Larabawa da sauransu. Kusan dukansu na jin Helenanci ko Aramiyanci, da an yi musu magana da ɗaya daga ciki da sun gane. Amma kowa ya ji da harshen da aka haife shi a ciki. Wannan ne ya sa mutane suka ba da rayuwarsu ga fassara. Tun ƙarni na 19 Jems Shon ya fassara sassa na Littafi zuwa Hausa, Dakta Walta Mila na Zariya da Wusasa da abokan aikinsa suka kai ga cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932, aka sake sabuwar fassara a 1979. Da wannan Hausar Bahaushe da Baju da Birom da Angas da Tangale da Bura da Bachama suka yi sujada a benci ɗaya. Idan jikokinsu a Landan ko Hustan ba sa iya karanta aya guda da ita, to wani abu ya yanke a hannunmu.

Makonnin kore

Bayan Lahadin Triniti sai dogon zango har ƙarshen Nuwamba, kusan rabin shekara, launi kore. Ba wani babban idi, ana bin Bisharar shekara sura bayan sura. A gida ya yi daidai da damina da kaka. A shekarar A misalin mai shuka a Matiyu 13 na zuwa tsakiyar Yuli, mako na gaba kuma alkama da ciyawa, daidai lokacin da ake duƙe ana noman farko ko maimai. A nan Furotesta na da hanya biyu ta karanta Tsohon Alkawari: ko a zaɓi wanda ya dace da Bisharar ranar kamar yadda Katolika ke yi, ko a bi labari a jere, Ibrahim zuwa Musa a shekarar A, Dawuda da littattafan hikima a B, annabawa a C.

Jadawalin ba marar aibi ba ne. Ya tsallake wurare da yawa, musamman a Littafin Firistoci da Littafin Mahukunta da zaburoyin la'ana, kuma wanda ya dogara ga karatun Lahadi kaɗai zai mutu bai ji rabin Tsohon Alkawari ba. A wannan fanni coci-cocinmu na gida, masu nazarin littafi guda daga farko zuwa ƙarshe da masu bin Abincin Yini kowace safiya, suna da abin koyarwa. Amma yana da wata fa'ida da nake girmamawa: yana ɗaure hannun mai wa'azi. Na zauna a wata majami'a inda wata shida ba mu fita daga zakka da albarkar dukiya ba. Mai bin jadawali ba shi da wannan dama, ran da aka zo kan attajiri da Li'azaru a Luka 16 dole ya karanta, ko da mai ba coci janareta na zaune a gaba.

Ga mai son bin karatun a gida, shawarata ita ce daren Asabar. Takardar sanarwar coci kan nuna karatun mako mai zuwa, ana kuma samunsa a intanet kyauta, haka ma Littafi Mai Tsarki na Hausa yana cikin manhajojin waya. A ɗauki Bishara kawai, yaro ya karanta da Turanci, uba ko uwa da Hausa, bayan 'yan watanni a yi musanya. A lura sunayen littattafai sun bambanta tsakanin fassarorin: Matta da Yohanna da Kubawar Shari'a da Ru'ya ta Yohanna na tsohuwa su ne Matiyu da Yahaya da Maimaitawar Shari'a da Wahayin Yahaya a ta 1979, don haka idan kaka ta kira sura daga gida kada yaro ya ce babu ita a littafinsa.

Lahadi ta ƙarshe a shekara ita ce ta Almasihu Sarki, idin da Paparoma Piyus na 11 ya kafa a 1925, daga baya aka mai da shi ƙarshen shekara, Furotesta da yawa ma suka karɓa. A shekarar B ana karanta Yesu a gaban Bilatus, a C yana kan gicciye tsakanin masu laifi biyu, a A kuwa Matiyu 25, inda ake shari'ar al'ummai a kan yadda suka yi da mayunwaci da marar lafiya da ɗan kurkuku da baƙo. Mako guda bayan nan a koma shunayya. Shekarar A ita ce mai farawa 30 ga Nuwamba 2025, B daga 29 ga Nuwamba 2026 da Markus 13, C kuma daga 28 ga Nuwamba 2027 da Luka 21.